WA KE BIYAN KUƊIN ARAHA?

Jama'a, maganarmu ta wannan mako a kan araha ce. Duk wanda ya ci kasuwar Sabon Birni ko ta Isa, ko ya leƙa Shinkafi da Illela, ya san yadda kayan waje suka cika rumfuna: atamfa da shadda da leshi, silifa, tocila, ƙwallo, wayar hannu, ga kuma gwanjo dila-dila. Talaka yana murna da sauƙin kuɗinsu, kuma ba mu ga laifinsa ba, domin mutumin da kwanon gero ke neman gagararsa ba zai ƙi rigar da aka sallama masa da rahusa ba. Amma ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin cewa ba mai sayar da kaya yana faɗuwa shekara da shekaru don kawai yana ƙaunar mai saye. Rigar da ta taso daga bayan teku, aka biya mata jirgin ruwa, aka biya mota, aka biya kwastan, dillali ya ci, mai sari ya ci, mai rumfa ya ci, sa'an nan har yanzu ta fi wadda telan unguwa zai ɗinka sauƙi, lalle a wani wuri an tauye wa wani haƙƙinsa. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da muke so mu bincika yau shi ne, wane ne wannan da aka tauye?

Mu fara da gwanjo. In ka juya wuyan riga ka duba ɗan ƙyallen da ke liƙe a ciki, sau da yawa za ka ga an rubuta Bangladesh, watau Bangaladash, wata ƙasa maƙwabciyar Indiya, wadda yawancin mutanenta Musulmi ne talakawa irinmu. A can ake ɗinka wa manyan kantunan Turai da Amurka tufafi. Bature ya saya da araha, ya sa sau kaɗan ya jefar, a ɗaure a dila a kawo mana da sauran kwananta. Ran 24 ga Afrilu, 2013, wani bene mai hawa 8 da ake kira Rana Plaza, a garin Savar kusa da babban birninsu Dakka, ya rushe a kan maɗinka. Mutum 1,134 suka mutu, kimanin 2,500 suka ji rauni, yawancinsu mata. Tun ana gobe abin zai faru aka ga bango ya tsage. Banki da kantunan da ke ƙasa suka rufe suka sallami mutanensu, amma maɗinka aka ce su koma bakin keke, wanda ya ƙi a riƙe masa albashi. Albashin nan da aka tsorata su da shi, mafi ƙanƙantarsa a lokacin bai wuce kimanin dala 38 a wata ba. A kan wannan kuɗi mutane suka hau benen da suka san ya tsage.

Kafin wannan da wata biyar, cikin Nuwamba 2012, gobara ta kama wata ma'aikatar ɗinki mai suna Tazreen a wajen Dakka, mutum 112 suka hallaka. Cikin Satumba na shekarar kuma wata ta ƙone a Karaci ta ƙasar Fakistan, fiye da 250 suka mutu, tagogi da ƙarafa, ƙofofin fita a garƙame. Mai ma'aikata ya fi tsoron a sace masa wando ɗaya bisa ga a rasa ran wanda ya ɗinka shi.

Sai wayar hannu, wadda yau kusan ba ɗan kasuwar da ba ya jin farashin Kano da Maraɗi da ita. A cikin batirinta akwai wani ma'adini da ake ce wa kobalt, kuma fiye da rabin wanda duniya ke amfani da shi daga ƙasar Kwango yake fitowa. Yawancinsa manyan kamfanoni ke haƙowa da injuna, amma wani kaso talakawa ke tonowa da hannu, da diga da shebur. Cikin 2014 Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta yara kimanin 40,000 ke aiki a ramukan ma'adinai na kudancin Kwango. Cikin Janairu 2016 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da bincikenta, ta ce ta sami yara masu yini suna tsintar duwatsu, suna wankewa, suna ɗaukar buhuna, wani har awa 12, a kan dala 1 ko 2. Daga hannun yaran nan dutsen ke shiga hannun dillalai, ya gauraya da na kamfani, a kai shi ƙasar Sin a tace, ya zama batir, ya zo rumfarka cikin kwali mai ƙyalli. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ji wannan ya ce mun ce kowace riga da kowace waya yaro ne ya yi ta. Ba mu faɗi haka ba. Akwai ma'aikatu na ƙwarai a ƙasashen nan, akwai kuma kayan da inji ne ya sa suka yi sauƙi. Ƙorafinmu shi ne, mai kyau da maras kyau duk a dila ɗaya suke zuwa, ba shaida, ba alama, kuma manyan da ke kawo su ba wanda ya taɓa tilasta musu su faɗi daga wace ma'aikata suka ɗauko. Cikin 2025 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da Asusun Yara suka ba da lissafi, suka ce a 2024 yara wajen miliyan 138 ke cikin aikin da ya fi ƙarfinsu a duniya, kuma miliyan 87 daga cikinsu a nan Afirka suke, kudu da Hamada. Ashe ke nan maganar ta fi kusa da mu bisa ga Dakka.

To, ina arahar nan ta bar mu mu 'yan Arewa? Dattawanmu suna tune da lokacin da audugar Gusau da Funtuwa ke da masaya tun tana gona. Cikin 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna, waɗansu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Gusau, har a shekarun 1980 ƙasar nan tana da masaƙu fiye da 100, suna ciyar da dubban ɗaruruwan mutane. Wutar lantarki ta lalace, man injuna ya yi tsada, shugabanni suka yi sakaci, sa'an nan aka saki fasa-ƙwauri. Shekara da shekaru ana sauke yadi a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, a biyo da shi ta Gaya zuwa Maraɗi da Birnin Ƙwanni, a tsallako da shi dare da rana, har ya sauka Kantin Kwari a Kano. Mu mutanen bakin iyaka ba a ba mu labari. KTL ta rufe cikin 2002, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta dakatar da aiki cikin 2007. Cikin 2015 marina a Kano suka fito zanga-zanga har fadar Sarki, suna kukan yadin waje ya kashe musu sana'a. Magidancin da aka sallama daga masaƙa, da manomin da audugarsa ta rasa mai saye, ba su daina ciyar da iyali ba don an rufe ƙofa. Abin da aka yi shi ne, ɗan da ke makaranta aka cire shi aka ba shi baro, 'yar kuma aka ɗora mata faranti. Watau arahar nan ta ci yaro sau biyu: ta ci na can wurin yin kaya, ta ci na nan wurin kashe sana'ar ubansa.

Wani zai ce, to, a hana kayan waje, a koma na gida, magana ta ƙare. Mu ma muna son na gida, amma ba za mu ruɗe ku ba, zalunci ba ya da ƙabila kuma ba ya neman fasfo. Cikin Yuni 2020 'yan sanda suka shiga wata ma'aikatar casar shinkafa a Kano suka fitar da leburori, su 'yan sandan suka ce mutum 126 ne, waɗanda aka kulle a ciki wata da watanni lokacin annobar korona, ba a barinsu su je ganin iyali. Shinkafar nan ta gida ce, da ita aka ce mu yi alfahari. Cikin 2010 kuwa, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, wadda sai 1996 aka cire ta daga cikin jiharmu, yara aƙalla 400 suka mutu da gubar dalma. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gida, ana daka su ana niƙawa a inda ake girki, ƙura tana sauka a kan tuwo da tabarma, yara masu ɗan wayo suna taya aiki, ƙanana suna rarrafe a ciki. Sai da likitocin MSF suka zo kafin a gane abin da ke kashe su. Zinariyar ta fita waje da arha, ta komo mana sarƙa da 'yan kunne daga Dubai da tsada, muna zubawa a lefe. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Yanzu mu shigo cikin gida sosai, domin nan maganar take da zafi. Tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, musamman daga 2019, dubban mutanenmu sun tsallaka cikin Jihar Maraɗi, waɗansu sun taru a garin Sabon Birni da Isa da birnin Sakkwato. Cikin Mayu 2020 kaɗai, a rana guda, an kashe mutum fiye da 60 a ƙauyukan Sabon Birni. Kowane magidanci da aka kashe ya bar 'ya'ya, kowane ƙauyen da ya tashi ya bar makaranta a rufe. Yaran nan ba su ɓace ba, kuna ganinsu. Su ne masu dakon buhun da ya fi su nauyi, su ne masu tura baro daga tasha zuwa rumfa, masu tallar ruwa tsakanin motoci, da 'yan matan da ake ɗiba a kai birane aikatau, wata dillaliya tana karɓe kuɗin a ƙarshen wata. Dilar gwanjon da 'yar Dakka ta ɗinka kayan cikinta, marayan Gobir ke sauke ta daga mota. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi cikin 2022 ya nuna yara fiye da miliyan 24 a Nijeriya, watau kusan 4 cikin kowane 10 masu shekara 5 zuwa 17, suna cikin irin aikin da bai kamace su ba.

Mun san abin da waɗansunku za su ce, kuma magana ce mai nauyi: mu ma da aiki muka tashi, yaron da bai koyi neman na kansa ba ai ɓarawo zai zama, kuma maraya in ban ba shi dako ba me zai ci? Gaskiya ne. Ba mu ce ɗa kada ya bi ubansa gona ba, ba mu ce kada yaro ya zauna rumfa ya koyi awo da lissafi da iya magana da mai saye ba. Da haka aka yi kowane babban ɗan kasuwa a ƙasar Hausa. Amma kowa ya san bambancin koyon sana'a da bauta, ko da bai faɗa ba. Mai koyon sana'a yana da lokacin karatu, yana da lokacin barci, ana ba shi kaya daidai ƙarfinsa, kuma akwai ranar da ubangidansa zai yaye shi da jari. Wanda ake bautarwa kuwa an ɗauke shi ne don ya fi babba sauƙin biya, ba ya iya musu, ba ya da mai tsaya masa, in ya karye a sami wani. Mai rumfar da ya ɗauki yaro don wannan dalili, da mai benen Rana Plaza, lissafi ɗaya suka yi, jarinsu ne kawai ya bambanta.

Abin nan kuwa yana da magani, domin waɗansu sun yi fama da shi sun rage shi. Akoko da alawayyon da kakanninmu suka riƙa saye a kantunan Turawa, daga masaƙun Lankasha na Ingila suke zuwa, kuma a farkon zamanin masaƙun nan yara 'yan shekara 7 da 8 ke shiga ƙarƙashin injuna suna tsintar zare. Cikin 1833 majalisarsu ta yi doka, ta hana ɗaukar yaron da bai kai 9 ba a masaƙa, ta rage wa 'yan 9 zuwa 13 lokacin aiki, ta ce a ba su karatu awa 2 kowace rana. An yi dokoki kafin wannan ba su yi aiki ba. Abin da ya sa ta 1833 ta fara ci shi ne an naɗa masu duba ma'aikatu, ko da yake mutum 4 ne kacal ga ƙasa duka. Bayan Rana Plaza ma, sai da ƙungiyoyin ma'aikata da masu saye suka matsa, kamfanoni fiye da 200 suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta ba masu bincike ikon shiga ma'aikatu su duba gini da wuta, aka kuma ɗaga mafi ƙanƙantar albashi kafin shekarar ta ƙare.

Akwai kuma darasin abin da bai kamata a yi ba. Cikin 1993, da aka ji majalisar Amurka tana shawarar hana shigo da kayan da yara suka yi, masu ma'aikatun Bangaladash suka tsorata suka kori yara kimanin 50,000. Da aka bi sawunsu sai aka tarar da yawa ba makaranta suka tafi ba, sun faɗa fasa dutse da yawon titi da abin da ya fi wannan muni. Sai cikin 1995 aka gyara, aka yi yarjejeniya a sa yaran makaranta a riƙa ba su ɗan kuɗi kowane wata a madadin abin da suka rasa. Irin wannan aka yi cikin 1997 a garin Siyalkot na Fakistan, inda yara ke ɗinka ƙwallon ƙafa. Saboda haka duk wanda ya zo muku da maganar a kori yara daga kasuwa da bulala, ku tambaye shi ina zai kai su, kuma me za su ci. Yunwa ce ta kawo su, kuma bulala ba ta maganin yunwa.

Dokoki kam muna da su har sun yi yawa. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta hana ɗaukar yaron da bai kai 12 ba aiki, sai ɗan aiki mai sauƙi na gida ko gona a hannun danginsa, ta hana sa wanda bai kai 15 ba a ma'aikata, ta hana sa wanda bai kai 16 ba cikin rami. Cikin 2002 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya mai lamba 182 wadda ta haramta mafi munin aikin yara. Dokar 2004 ta ce karatun shekara 9 kyauta ne kuma tilas ne. Cikin 2021 Jihar Sakkwato ta yi tata dokar kare yara. To, muna tambaya: wa ya taɓa ganin mai duba aiki a kasuwar Isa? Mai karɓar haraji bai taɓa ɓata hanya ba, mai yankan rasit yana zuwa tun kafin a kasa kaya, amma mai tambayar shekarun yaron da ke ƙarƙashin buhu, shi ba a san kamanninsa ba.

Ga abin da muke nema, kuma muna so kowane mai karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba.

Na ɗaya, gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa su ƙidaya yaran da suka yi gudun hijira, su buɗe musu azuzuwa a inda suke yanzu, da abincin rana, kada a ce sai an koma ƙauye. Yaron da ya shekara 5 yana jiran zaman lafiya ya riga ya wuce aji.

Na biyu, uwar da aka kashe mijinta a ba ta tallafi a hannunta kowane wata, da sharaɗin 'ya'yanta suna zuwa makaranta, kuma a liƙa sunayen masu karɓa a fili don kada 'yan siyasa su cika takarda da danginsu.

Na uku, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta turo masu duba aiki su shiga ma'aikatu da wuraren haƙar ma'adinai ba tare da sanarwa ba, ta kuma buga sunan duk wanda aka kama ya kulle ma'aikaci ko ya sa yaro a rami.

Na huɗu, manyan masu shigo da kaya daga waje a tilasta musu su bayyana ma'aikatar da suka saya. Kada kwastan su zo su kwashe turmi 5 na mai rumfa a ce an yi aiki, alhali mai kwantena 50 yana shan shayi da manya.

Na biyar namu ne, ba sai mun jira kowa ba. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi su zauna su yanke ƙa'ida: nauyin da ba a ɗora wa yaro, lokacin da za a sake shi ya tafi karatu, na allo da na boko, da ladan da ba a kasawa. Kun iya haɗa kai a kan farashi, kun iya haɗa kai a kan wanda ya ci amanar bashi har ku hana shi ciniki. Wanda ya ci amanar maraya bai fi ƙarfin wannan hukunci ba. Masu zuwa sari Kano da Ikko kuma su riƙa tambaya, wannan kaya daga ina, wa ya yi shi. Mutum ɗaya in ya tambaya za a yi masa dariya, amma ƙungiya in ta tambaya sai a nemo amsa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba mu ce talaka ya ƙona rigarsa ko ya jefar da wayarsa ba. Bai yi laifin kome ba, shi ma cikin waɗanda ake tatsa yake. Abin da muke so ya riƙe shi ne, maɗinkiyar Dakka, da yaron ramin Kwango, da leburan da aka kulle a Kano, da marayan da ke dako a tashar Sabon Birni, duk abu ɗaya ya same su: an ga ba su da mai tsaya musu, sai aka mai da ƙarfinsu araha. Na nesa ba mu da iko a kansu sai addu'a da tambaya. Na kusa kuwa gobe da safe zai zo bakin rumfarka ya ce, Alhaji, a kawo kaya? Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Kafin ka ɗora masa buhu, ka tambaye shi sunan ƙauyensu da inda ya tsaya a karatu, sa'an nan ka kai maganarsa gaban ƙungiya.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa.